Hukuncin Fita Kamun Kifi A Teku Don Nishaɗi

Tambaya

Aiki da kasuwanci sun kai wasu daga cikinmu garuruwan gaɓar tekun Kenya, irin su Mombasa da Malindi. A can mutane kan yi hayar jirgin ruwa mai inji, su shiga teku tun da sassafe su kama manyan kifaye da fatsa don nishaɗi kawai. Wani kifin a dawo da shi gida, wani kuma a ɗauki hotonsa a sake shi. Shin ya halatta Musulmi ya shiga wannan tafiya? Mene ne hukuncin kama kifi a sake shi? Yaya za a yi da salla a cikin jirgi?

Amsa a taƙaice

Kifin teku halal ne, fita kama shi ma halal ne ga wanda ya yi nufin ci, ko ciyarwa, ko sayarwa, ko da yana jin daɗin fitar. Amma soke kifi da ƙugiya a wahalar da shi ba don wani amfani ba, sai wasa da alfahari, wannan mafi sauƙin hukuncinsa karhanci ne, yana kuma kaiwa ga haramci. Sharaɗin tafiyar duka shi ne kada ta tozartar da salla, kada caca ko giya ko almubazzaranci su shiga cikinta, kada kuma a jefa rai cikin halaka.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: siffar abin da ake tambaya a kansa

Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. Wannan irin kamun kifi ya bambanta da sun da muka sani a kogunanmu, inda masunci zai jefa birgi ko ya kafa mamari don ya ci da iyalinsa. A nan mutum ne mai hali zai biya kuɗin jirgi da matuƙi da ma'aikata, na rabin yini ko yini guda, wani lokaci har da kwana. Jirgin yana tafiya a hankali yana jan igiyoyin fatsa a bayansa, kowace da ƙugiya da abin yaudarar kifi. Idan babban kifi ya haɗiya, sai mai haya ya zauna a wata kujera da aka kafe a bayan jirgi, ya yi ta ja da saki har kifin ya gaji. Wannan kokawa takan ɗauki mintuna, takan kuma ɗauki sa'o'i.

Wuraren da suka yi suna da wannan a Kenya su ne Malindi da Watamu a arewacin Mombasa, da Shimoni a kudu, inda ake shiga mashigin ruwan da ke tsakanin gaɓa da tsibirin Pemba. Kifayen da aka fi nema su ne masu dogon baki kamar mashi, wato malin da ɗan'uwansa mai babbar ƙaya a baya kamar tuta, wanda Sawahilawa ke kira sulisuli. Sai tuna, da suke kira jodari, da nguru, da kolekole. Malin yakan yi girma ƙwarai: wanda aka kama da fatsa a Kabo Blanko ta ƙasar Peru a 1953 ya kai kilo 707. Iska biyu ke juya shekarar wannan gaɓa. Kaskazi tana kaɗawa daga arewa maso gabas, wajen Disamba zuwa Maris, kuma lokacin ne kakar malin. Kusi tana zuwa daga kudu maso gabas daga wajen Afrilu, teku takan yi tsanani a cikinta.

Na biyu: asalin halascin abin da ke cikin teku

Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta farautar teku da abincinta a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, ya sanya ta guzuri ga mazauna da matafiya. A ayar ce kuma ya hana mai harami farautar tudu, ya bar masa ta ruwa. A aya ta 14 ta Suratun Nahli ya ambaci hore mana teku cikin ni'imominsa, ya kuma faɗi dalilin horewar, wato mu ci ɗanyen nama daga cikinta, mu fitar da abin ado.

A Sunna kuwa, Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, haka ma ma'abota Sunan, daga Abu Huraira (Allah ya ƙara masa yarda), cewa wani mutum ya tambayi Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) game da alwala da ruwan teku, saboda suna shiga jirgi da ɗan ruwan sha kaɗan. Sai ya amsa masa da cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, ya ƙara masa da cewa mushenta halal ne. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Jabir labarin rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, waɗanda yunwa ta kai su ga cin ganye a bakin teku, sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar. Suka yi kwanaki suna ci, suka kawo ragowar Madina, Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya ci.

Daga waɗannan dalilai malamai suka fitar da cewa kifi ba ya bukatar yanka. Ba a sharɗanta wanda ya kama shi ya zama Musulmi ba, saboda haka kifin da matuƙi Kirista ko wanda ba shi da addini ya kamo halal ne. Ambaton sunan Allah lokacin jefa ƙugiya abu ne mai kyau, amma barinsa ba ya haramta kifin.

Sun yi saɓani a kan abin da ba kifi ba. Malikiyya sun halatta dabbobin ruwa gaba ɗaya. Shafi'iyya da Hanabila sun halatta mafi yawansu, suka cire irin su kwaɗo da kada. Hanafiyya sun taƙaita a kan kifi kaɗai, suka kuma hana wanda ya mutu da kansa ya taso saman ruwa. Dukan kifayen da aka ambata a sama halal ne a mazhabobin huɗu.

Na uku: niyya ita ce ke juya hukunci

Kasancewar naman halal bai wadatar ba, sai an duba abin da ya fitar da mutum. Malaman Malikiyya sun kasa farauta kashi biyar, kamun kifi kuma farauta ce. Tana zama wajibi ga wanda ba shi da wata hanyar tsare ransa ko ran iyalinsa. Tana zama mustahabbi ga mai son yalwata wa iyali ko yin sadaka. Tana zama mubahi ga mai neman abinci ko abin sayarwa. Tana zama makaruhi ga mai yin ta don wargi. Tana zama haramun ga wanda bai nufi amfana da dabbar ba sam, ko wanda farautar ta sa ya tozartar da wani wajibi.

Ibnu Abi Zaid ya kawo karhancin farautar wargi a Risala, Shaihu Khalil kuma ya kawo a Mukhtasar cewa haramun ne farautar dabbar da ake ci ba tare da nufin yanka ta ba. Kifi ba a yanka shi, don haka abin da ke tsaye a matsayin wannan nufi shi ne nufin amfana. Hafizu Ibnu Hajar ya bayyana a Fathul Bari cewa wanda ya yi farauta don nishaɗi amma yana nufin ci, jumhur sun halatta masa, Malik ya karhanta. Wanda kuwa bai nufi amfana ba ya aikata haram, domin halaka rai a banza yana cikin ɓarna a bayan ƙasa.

To, ka lura, jin daɗi shi kaɗai ba laifi ba ne. Wanda ya fita ya sha iskar teku, ya huta daga wahalar aiki, ya yi tunani cikin halittar Allah, ya kuma dawo da jodari ya raba wa iyali da maƙwabta da ma'aikatan jirgi, babu zargi a kansa. Sai dai kada abin ya zame masa jiki har ya cinye lokacinsa, domin Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Ibnu Abbas gargaɗin cewa mai yawan bin farauta yakan gafala.

Na huɗu: kama kifi a sake shi

Wannan ita ce mas'alar da ta fi bukatar bayani, kuma tana da fuska uku.

Fuska ta farko: mutum ya fita neman kifin ci, sai ƙugiya ta kamo wanda bai nema ba, ko ƙarami da bai isa ba, ko irin da hukuma ta hana ɗauka. Sakin wannan daidai ne, yana ma zama wajibi idan doka ta hana. Hukuma tana da ikon taƙaita abin da yake mubahi saboda maslahar jama'a, biyayya gare ta a nan tana cikin umarnin aya ta 59 ta Suratun Nisa'i. Misali, tun 1968 Kenya ta keɓe wasu sassan ruwan Malindi da Watamu ta hana su a cikinsu. Musulmi ba ya ketare irin wannan iyaka, ko da babu mai ganinsa.

Fuska ta biyu: a kama kifi a maƙala masa alama mai lamba a sake shi, domin in an sake kama shi a wani wuri a san tafiyarsa da girmansa. A Kenya ƙungiyar African Billfish Foundation tana wannan aiki tare da masu jirage. Wannan manufa ce ingantacciya, amfaninta yana komawa ga kifin da masunta, saboda haka ya halatta gwargwadon bukata. Amma kada a mai da alamar dabarar halasta wasa. Allah ya ba mu labarin mutanen wata alƙarya ta bakin teku a Suratul A'araf, aya ta 163 zuwa 166, waɗanda aka jarrabe su da kifi ranar Asabar, malaman tafsiri suka ce dabara suka yi wa hanin, aka halaka su. Kowa ya san abin da ke zuciyarsa.

Fuska ta uku: mutum ya fito tun daga gida ba ya son naman, burinsa kawai ya soki kifi, ya gajiyar da shi, ya ɗauki hoto, ya sake shi. Akwai malaman wannan zamani da suka sauƙaƙa idan cutarwar kaɗan ce. Abin da muke ganin ya fi ƙarfi shi ne a bar wannan, kuma yana kusa da haramci gwargwadon azabar da ke cikinsa. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya hana a riƙi abu mai rai abin gwajin harbi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibnu Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya gaya musu cewa an la'anci mai yin haka. Illar hanin ita ce wasa da rai, kuma tana nan ko da makamin ƙugiya ne ba kibiya ba.

Masu wannan wasa sukan ce ai saki ya fi kisa, kifin zai rayu ya hayayyafa. Gaskiya ne saki ya fi a kashe a yar. Amma akwai zaɓi na uku, shi ne kada a soke shi tun farko. Sannan ba kowane kifin da aka saki ke rayuwa ba. Doguwar kokawa tana ƙarar da ƙarfinsa har ya kasa guje wa kifin shak. Ƙugiyar da ya haɗiye takan yaga masa ciki. Kifin da aka jawo da sauri daga zurfi, jakar iskar da ke cikinsa takan kumbura ya kasa nutsewa. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 a kan farin malin, 7 cikin 20 da aka kama da miƙaƙƙiyar ƙugiyar da aka saba sun mutu bayan saki, alhali 20 da aka kama da lanƙwasasshiyar ƙugiya mai kama da zobe duk sun rayu.

Haka nan kashe babban kifi don kawai a rataye shi a ma'auni a yi hoto, ko a busar da shi a kafa a bango, naman kuma ya lalace, wannan ya haɗa halaka rai da tozartar da dukiya. Nasa'i ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba za a tambaye shi, aka fassara haƙƙin da a yanka shi a ci. Malamai sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa ta dace da ingantattun hadisan da suka gabata.

Na biyar: kyautata wa kifi

Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har a wajen kisa da yanka. Masana suna jayayya kan yadda kifi ke jin zafi, amma hadisin bai ware kifi ba. Ga yadda kyautatawar take a cikin jirgi:

1. Ka yi amfani da igiya mai ƙarfin da ya dace da kifin. Masu neman suna sukan zaɓi siririyar igiya da gangan, domin ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, tana rubuta bajinta bisa ƙarfin igiya. Wannan tsawaita azaba ne don alfahari.
2. Ka fifita ƙugiya mai kama da zobe, domin ta fi kama gefen baki.
3. Kifin da za ka ci, ka gaggauta kashe shi da bugu mai ƙarfi a ka, kada ka bar shi yana shure-shure a rana. Ka sa shi a ƙanƙara kada ya lalace.
4. Wanda za ka saka, ka bar shi cikin ruwa a cire ƙugiyar. Ɗago shi cikin jirgi don hoto yana ƙara masa cuta.
5. Ka fifita abincin ƙugiya na roba ko mataccen kifi a kan soke ɗan kifi mai rai, sai in bukata ta kama.
6. In ka sami abin da ya ishe ka, ka naɗe igiya.

Kamun kifi da nakiya, wanda ya daɗe yana lalata duwatsun murjani a gaɓar Tanzaniya, da zuba guba a ruwa kamar yadda wasu ke yi da gamalin a kogunanmu, duka haramun ne. Suna kashe ƙanana da manya, suna cutar da masu ci, suna cikin ɓarnar tudu da teku da aya ta 41 ta Suratur Rum ta ambata.

Na shida: halal ɗin da ke cutarwa

Halascin asali ba ya halatta cin abin da zai kashe mutum. Kifin da ke kumbura kamar talibambam yana ɗauke da guba mai kisa da dahuwa ba ta kashewa. Manyan barakuda da wasu kifayen duwatsun murjani sukan tara wata guba da ake kira siguwatera, ita ma wuta ba ta kawar da ita. Kunkurun teku halal ne a asalin mazhabar Malik, amma dokar ƙasashen yankin ta hana kama shi, namansa kuma yakan zama guba: a Maris 2024 mutum 9, takwas daga cikinsu yara, sun rasu a Pemba bayan sun ci shi. Likitoci kuma suna gargaɗin mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su guji naman malin da shak saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsu. A irin wannan a tambayi masuntan wurin, su suka fi sanin ruwansu.

Na bakwai: haya, gasa da kashe kuɗi

Hayar jirgi ingantacciyar ijara ce idan an san lokaci da lada. Abin da aka biya kuɗinsa shi ne jirgi da aikin ma'aikata, don haka lada ya wajaba ko an kama ko ba a kama ba. Amma a ce ka biya kaza a kan abin da ƙugiya za ta kamo yau, wannan sayen kifi ne a cikin ruwa, kuma shi ne misalin da malaman fiƙihu ke bugawa na garari, wanda Muslim ya ruwaito haninsa daga Abu Huraira. A wurare da yawa al'ada ita ce kifin na jirgi ne. Sai a yi magana tun kafin tashi, a san rabon kowa, domin wanda aka gaya wa ba zai ɗauki komai ba yana bukatar ya san inda naman zai tafi.

Gasar da kowa zai zuba kuɗi, a tara a ba wanda ya fi kamu, caca ce, ko da an kira kuɗin na rajista, kuma tana cikin hanin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Doha a 2003 cewa kyautar da aka ɗebo daga kuɗin masu shiga gasa caca ce. Idan kuwa kyautar ta fito daga wani na dabam, hukuma ko kamfanin da sana'arsa halal ce, malamai da yawa sun halatta, da sharaɗin kifin da aka kama ba zai tafi a banza ba. Jingina tsakanin abokai a kan wa zai fara kamawa ita ma caca ce, komai ƙanƙantarta.

Wannan tafiya tana da tsada. Wanda ake bi bashin da lokacinsa ya yi, ko bai sauke ciyar da iyalinsa ba, ko bai fitar da zakkarsa ba, bai halatta ya zuba kuɗi a nan ba. Mai yalwa kuma ya tsaya a kan matsakaici, ya tuna hanin almubazzaranci a aya ta 26 da 27 ta Suratul Isra'i. Ya biya ma'aikata haƙƙinsu, kada kuma jirginsa ya tsinka wa ƙananan masunta tarunsu, domin su abincinsu suke nema.

Na takwas: tsarki da salla a cikin jirgi

Jirgin yini yakan tashi bayan asuba ya dawo wajen la'asar, ke nan azahar za ta riske ka a kan ruwa. Ba a jinkirta ta har lokacinta ya fita saboda kifi ya kama.

Ka yi alwala da ruwan teku, babu taimama tunda ga ruwa. Ka yi salla a tsaye in za ka iya, ko da kana riƙe da wani abu. In igiyar ruwa ta hana, ko ka ji tsoron faɗawa, ko jiri ya kama ka, ka zauna, bisa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari. Ka fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya ka juya gwargwadon iko. Mafi kyau ka roƙi matuƙi ya tsai da jirgi ko ya miƙe hanya ɗaya na 'yan mintuna.

A kula da wannan sosai: mu mun saba cewa gabas idan muna nufin alƙibla, amma Malindi tana kusan daidai kudu da Makka. Alƙiblar mutanen gaɓar Kenya arewa ce kusan sak. Wanda ya kalli mafitar rana a can ya kauce wa alƙibla nesa. Kowane jirgi yana da na'urar nuna jiha, sai a duba ta.

Ƙasaru ba ta halatta sai tafiyar ta kai buridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai, kuma mutum ya nufi wannan nisa tun farko. Mafi yawan fitar yini ba ta kaiwa haka, mai kewaye yana bin kifi kuma ba a tara masa kai-komonsa. A mazhabar Malik an karhanta ƙasaru ga mai tafiyar wargi, rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya kuma na tudu ne, ban da teku. Shafi'iyya da Hanabila suna halatta haɗawa a teku idan tafiyar ta kai nisan ƙasaru. Wanda dama baƙo ne a garin yana kan hukuncin matafiyi, ƙasarunsa tana nan.

Jinin kifi mai kwarara najasa ne a mashhurin mazhabar Malik, ana yafe abin da bai kai faɗin dirhami ba. Hanafiyya da Hanabila suna ganin tsarkinsa, Ibnul Arabi daga Malikiyya ma haka ya zaɓa. Mafita mai sauƙi ita ce ka riƙe riga ta dabam don salla. Aman da kaɗawar jirgi ke jawowa ba ya warware alwala a wajen Malik da Shafi'i, kuma in ya rinjayi mai azumi bai mai da komai ciki ba, azuminsa yana nan.

Ranar Juma'a, wanda Juma'a ta wajaba a kansa kada ya tsara fitar da za ta hana shi ita. Malikiyya sun karhanta tafiya bayan ɓullowar alfijir, sun haramta bayan zawali. Wannan a tafiyar bukata ke nan, ina ga ta nishaɗi?

Na tara: tsare rai, mata da abokan tafiya

Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Imamu Ahmad ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya hau teku lokacin da take hauka, Ibnu Abdil Barri kuma ya hakaito ittifaƙin malamai a kan hanin haka. In matuƙi ya ce yau ba a fita, musamman a watannin kusi, kada ka matsa masa don ka riga ka biya. Ka sa rigar kariya daga nutsewa, ka tabbata jirgin yana da lasisi da na'urar kiran taimako, ka karanta addu'ar hawa da ke aya ta 13 da 14 ta Suratuz Zukhruf. Riƙon sababi yana cikin tawakkali.

Mace tana iya shiga teku. Ummu Haram 'yar Milhan ta roƙi Annabi (sallallahu alaihi wa sallam) ya yi mata addu'a ta kasance cikin mayaƙan teku, ya yi mata, ta kuma tafi Ƙubrus tare da mijinta Ubada ɗan Samit a zamanin Usman. Abin da Malik ya ƙi wa mata shi ne ƙananan jiragen da babu sutura a cikinsu. Saboda haka 'yar'uwa ta tafi da mijinta ko muharraminta, cikin cikakkiyar sutura, a jirgin da ke da makewayi mai rufi.

Yawancin waɗannan jirage baƙi 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka, kuma sukan ajiye giya cikin abin sha. In kai ka yi hayar, ka sharɗanta a cire ta. In gayyatarka aka yi, ka tambaya tun a tudu, domin wanda ya shiga teku ba shi da ƙofar da zai tashi ya fita daga majalisar saɓo. Musulmi suna da yawa a gaɓar, samun matuƙin da zai girmama salla ba wuya ba ne.

Kammalawa

Kafin ka biya kuɗin jirgi ka tambayi kanka abu uku: wa zai ci abin da zan kama, ina zan yi azahar, kuɗin wa zan kashe. In amsoshin sun yi kyau, ka tafi da sunan Allah. In ka ga babu mai ci, hoto kawai kake so, to ka yi hayar jirgin ka zaga ka kalli ikon Allah, ka bar ƙugiya a gida.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abud Darda'i cewa har kifayen da ke cikin ruwa suna nema wa malami gafara. Wasu malamai sun ce daga cikin hikimar haka, ilimi ne ke koya wa mutane haƙƙin dabbobi da kyautata musu. Ya kamata duk wanda wannan ilimi ya iso masa ya yi aiki da shi, ko a tsakiyar teku inda babu mai ganinsa sai Allah.

Allah ne Mafi sani. Allah ya yi daɗin tsira ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.